Ki buɗe akwatunan nan, ɗiyata

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni 'yar Sakkwato ce, shekarata 22. Wata tara ke nan da mijina ya kawo ni Kumasi, inda yake sana'ar albasa a kasuwar Kwadaso. Ya ce shekara uku ko huɗu za mu yi kafin mu koma. Muna haya a Aboabo, ciki da falo, a gida mai iyali takwas, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Yana fita bayan asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Ni kuwa ina ɗaki ina waya da Innata ina kuka. Abincin garin ya ƙi shiga mini, kuka da daddawar da na zo da su sun yi funfuna, kasuwa kuma ban san yadda ake ciniki ba. A satin farko maƙwabciyata ta ce mini "yarinya na ya tafi makaranta", dariya ta kuɓuce mini, na ce wace irin Hausa ce wannan. Tun daga ranar ta ɗauke mini wuta, sauran matan ma gaisuwa ce kawai a tsaitsaye, har na ji suna ce mini mai girman kai. Akwatunan lefena ko buɗe su ban yi ba, don gani nake ba zama na zo yi ba. Yanzu ina da ciki wata huɗu. In roƙe shi ya mayar da ni gida in jira shi can har ya gama?

Amarya daga Aboabo

Wa'alaikis salam, ɗiyata. Allah ya inganta, ya raba ku lafiya.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duka biyun a wurin akwatunan nan na tsaya, domin na san su. Ni ma mota ce ta kawo ni garin nan daga Zariya a 1993, ina da shekara 19, aka sauke ni a Sabon Zango. Na jera akwatuna uku a bayan gado na lulluɓe su da zane, na ce ba zan taɓa su ba sai ranar komawa. Sai da damina ta yi nisa, ranar wani suna a maƙwabta, na ɗaga murfin na sama don in ɗauko atamfa. Wari ne ya fara bugo ni. Takalmin fata ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, leshin da mahaifiyata ta zaɓa da hannunta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi daga wannan ninki zuwa wancan. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Tsohuwar gidan, wadda kowa ke kira Mma, ta ɗaga labule ta shigo ba ta ce komai ba, ta kwashi kayan ta fita da su. Ta kira mata biyu suka ɗaura igiya, suka shanya su ɗaya bayan ɗaya, tana goge takalmin da tsumma. Da ta gama ta ce mini, "Amariya, a garin nan ba a rufe kaya." Ranar ce matan gidan suka fara sanin sunana.

Don haka kafin komai, gobe in rana ta fito ki buɗe su. Kumasi cikin kurmi take, iskarta ɗauke take da ruwa, kuma damina biyu gare ta: babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Abin da za ki ajiye a Sakkwato ya shekara garau, nan sati uku ya ishe shi ya lalace. Shi ne ya ci kukarki da daddawarki, ba sakacinki ba ne. Ki riƙa sayen kaɗan, ki zuba a kwalba mai murfi, ki fitar da su su sha rana duk lokacin da aka samu, tufafi kuma a riƙa zazzage su.

Amma ba don atamfa kaɗai na ce ki buɗe ba. Kin ɗauki kanki mai jiran mota a tasha, kuma mai jiran mota ba ta share wuri, ba ta dasa tukunya, ba ta tambayar sunan ta kusa da ita. Shekara huɗu kuwa kwana sama da 1,400 ne. Abin da ke cikinki zai zauna, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya fara magana a cikin kwanakin nan. Sannan kin san halin fatake, wanda ya ce uku, in kasuwa ta karɓe shi sai ya yi bakwai. Maigidana shekara biyu ya ce mini, ga shi yau jikokina a Asawasi aka haife su. Zaman jira shi ne abin da ke cinye ki, ya fi abinci da kewa yi miki illa.

Yanzu maganar dariya. Na san ba da mugun nufi kika yi ba, amma kin taɓa wurin da ke da tsohon miki, kuma ya kamata ki san mikin. Kakannin matan nan ba jiya suka zo ba. Fataken goro ne da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, su yi watanni a hanya zuwa Gwanja, su sauka a kasuwar Salaga. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, suka bazu, wasu Karaci ta nan Gana, wasu Akra, wasu nan Kumasi. Suka zauna da Dagombawa da Mosawa da Wangarawa da Zabarmawa da Kotokoli da Yarbawa, aka yi auratayya, Hausa ta zama harshen da ya haɗa Zango gaba ɗaya. A wannan tafiyar ce ta sauke wasu kaya: bambancin namiji da mace ya faɗi, ƙa da ɗa da ɓa suka yi laushi, kalmomin Tuwi, harshen Tonawa, wato Ashantawa masu garin nan, suka shigo. Wadda ta ce miki "yarinya na ya tafi" wataƙila tana jin harshe huɗu. Mu ma Zazzagawa "mota na" muke cewa, Kanawa na yi mana tsiya, kamar yadda suke kwaikwayon "mi kaka yi" ɗinku. Kowace Hausa da inda ta sha ruwa.

Ga kuma abin da ya sa abin ya yi mata zafi. Mutanen Zango sun daɗe ana ce musu baƙi a ƙasar da aka binne kakanninsu. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama sati biyu ya bar Gana. Surukata, Allah ya jiƙanta, ta ga wannan da idonta: an sayar da gidaje a wulaƙance, an loda mutane a manyan motoci, ciki har da waɗanda a nan aka haife su, ba su taɓa ganin Nijeriya ba. Mutumin da ake ce wa a nan ba ɗan ƙasa ba ne, sai ga 'yar uwa ta taso daga tushe ta ce masa Hausarsa ma ba Hausa ba ce. Ina zai sa kansa?

Gyaran ba shi da wuya, kuma ke za ki fara, don ke ce ƙarama kuma ke kika yi kuskuren. Ki yi abin da hannunki ya fi iyawa, masa ce ko dambun nama ko fura mai kyau, ki rufe a kwano, ki je ƙofarta da hantsi bayan yara sun tafi makaranta. Ki yi sallama, ki rusuna, ki ce, "Yaya, na yi miki laifi tun zuwana, ƙuruciya ce da baƙunta, ki yafe mini." Kada ki tsaya bayanin yadda ake faɗa a Sakkwato. Daga nan ki roƙe ta abu ɗaya, ki ce ba ki san kasuwa ba, ta taimaka ta tafi da ke. Wanda ka nemi taimakonsa ka girmama shi, kuma matan Zango, na zauna da su shekara talatin, ba su iya ƙin mai ciki ba. In ta ɗan ja aji a ranar farko, ki koma gaisuwa washegari. Ki kuma tambayi ranar da shara da wankin bayi suka faɗo kanki, domin a gidan haya na garin nan ba abin da ke jawo wa mace baƙin jini kamar tsallake layinta.

Kasuwa kada ki fara da Kejetiya, za ta ruɗa ki, sabon gininta kaɗai yana da shaguna sama da 8,000. Ki fara da ta Aboabo da ta Asawasi, inda Hausa za ta kai ki ta dawo da ke. Keke Napep nan piragiya ake ce masa, motar haya kuma torotoro, yaron motar met. Awo da olonka ake yi, wani babban gwangwani, shi ne mudunsu. Abin da ya fi rikita baƙo shi ne kuɗi. A 2007 aka yanke wa sidi sifili huɗu, amma har yau tsofaffin 'yan kasuwa da tsohon lissafi suke kira. In mai tumatir ta ce miki dubu hamsin, sidi 5 take nufi, miliyan ɗaya kuma sidi 100 ne. Ki daina juya kowane farashi zuwa naira a zuciyarki, ba zai ƙara miki komai ba sai ɓacin rai. Abin da za ki riƙe shi ne nawa maƙwabciyarki ke sayen olonkar masara a wannan satin.

Ki kama kalmomin Tuwi, harshen Tonawa masu garin, ko guda shida ne. Maaci, ina kwana. Medasi, na gode. Mepaco, don Allah. Eye sen, nawa ne. Te so, rage mini. To so, ƙara mini gyara. Za su yi dariyar yadda kike faɗa, ki bar su su yi, dariyar jin daɗi ce, kuma mai kifin da kika gaisar da harshenta ba za ta manta fuskarki ba.

Abinci kuwa, ɗiyata, kin fi kusa da gida fiye da yadda kike zato. Abin da duk Gana ke layi a kansa da safe kokonmu ne da ƙosai, har sunan Hausa koko suke kiransa. Wace ɗin da kike gani ja-ja a ganye shinkafa da wake ce, karan dafi ne ya ba ta launi, sunan ma wake ne a bakin mutanen nan. Tuwon zafi tuwon masara ne da aka sassauta da garin rogo, miyar ayoyo kuma lalo ce. Sobolo zoɓo ne. Gero, dawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, man kaɗe, duk suna saukowa daga Tamale da Bolga da Bawku. Alayyafo da sure suna nan, in babu kuma ganyen gwaza da suke kira kontomire yana yin miya mai daɗi. Ba na ce ki tilasta wa kanki dokunu da banku ba, tsaminsu sai a hankali, balle ga mai ciki. Ki dafa naki, amma ki dafa shi a baranda inda sauran mata ke girki, ƙamshin ya fita, a tambaye ki me kika sa.

A gida mai iyali takwas da wuya a rasa Kirista. Musulmi a ƙidayar 2021 kashi 19.9 ne cikin ɗari na mutanen ƙasar, don haka za ki ji kiɗan coci da dare, ki ga ranar Asabar an tare titi da rumfuna ana makoki cikin ja da baƙi. Zaman lafiyar da ke tsakani abu ne da mutanen nan ke tattali. Babban Limamin Gana da kansa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Katolika a Akra a 2019 don gaisuwa, lokacin da ya cika shekara 100. In Batoniya ta kawo miki fufu ki karɓa da hannun dama ki yi godiya, wani lokaci cikin hira ki gaya mata abin da ba kya ci, sun san Musulmi, ba za ta ji haushi ba. In an yi mata rasuwa ki je ki yi gaisuwa, kuma in kin tarar da mutane a jere, daga na hannun damanki ake farawa.

Akwai abin da ba ki ambata ba, wanda ya fi damuna. Wata tara kika yi, alhali yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba ɗan Nijeriya ya zauna ba tare da biza ba. Bayan haka sai da izinin zama daga hukumar shige da fice. Yau da dare ki ce wa maigidanki ya nuna miki fasfo ɗinki, ku duba tare. In bai nema miki izini a matsayin iyalinsa ba, ya je ofishinsu da kansa ya gyara, kada ya bi ta hannun 'yan kan hanya. Akwai kuma katin shaida, Ghana Card na baƙi, wanda ake biya ana sabuntawa, da shi ake rajistar layin waya. Ki sami layi da MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da sunanki, ko sidi 50 ne ya zamana akwai a ciki. Mace mai ciki da mijinta ke wuni a Kwadaso bai kamata a ce ba ta da kuɗin piragiya zuwa asibiti ba. Mu da muka ji labarin 1969 daga bakin waɗanda abin ya ci ba ma wasa da takarda.

Awo fa, kin fara? Ba ki faɗa ba, kuma wata huɗu ya isa har ya wuce. Tun 2008 aka sa kula da masu ciki kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya ta NHIS, ki je asibitin gwamnati mafi kusa ki tambayi yadda za ki yi rajista da takardunki. Zazzaɓin cizon sauro a garin nan ba shi da lokaci, rani da damina ne, kuma yana da haɗari ga mai ciki. Ki kwana cikin gidan sauro, ki sha maganin rigakafin da za su riƙa ba ki a wurin awo. Ki kuma gaya wa ungozomar gaskiya game da kukan nan. Kewar gida daban, amma in ya kai ba kya barci, ba kya iya cin ko abin da kika dafa da hannunki, ko kina jin rayuwar ta fita ranki, wannan ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne, kada ki ɓoye.

Maigidanki kuma yana da nasa kason, in ya yarda ki karanta masa wannan wurin. Malam, kai kana da kasuwa, kana da abokan sana'a, kana da masallaci da teburin mai shayi. Ita bango huɗu ka ba ta. Ka ɗauko 'yar mutane daga cikin danginta ka kawo ta inda ba ta san kowa ba, ciyarwa kaɗai ba ta sauke maka nauyin. Gidan haya na Aboabo ba shi da zaure, ba gidan kulle ba ne, in ka ce ta zauna yadda ake zama a Sakkwato ka rufe ta ita kaɗai. Ka ba ta izini bayyananne na zuwa kasuwa da awo da makarantar matan aure. Ka kai ta ta gaida matar maigidanka na kasuwa, da magajiyar unguwa, a san tana da mutane. In an kawo yayi, wato ankon biki, ka saya mata ko sau ɗaya ne, domin da shi mace ke shiga cikin mata a Zango. Sannan ka ware yini ɗaya a sati ka dawo kafin magariba ku ci abinci tare.

Wayar Inna ban ce ki daina ba, uwa ce. Amma ki sa mata lokaci, ko bayan la'asar, kina tuna cewa agogonsu ya riga namu da awa ɗaya. Wayar da ake yi tun safe har dare tana ajiye jikinki a Aboabo, hankalinki a Sakkwato, ita kuma baiwar Allah kina kwantar da ita da hawan jini a kan abin da ba ta da ikon gyarawa. Ki riƙa haɗa mata da labari, yau na je kasuwa, yau na koyi kalma kaza. In kin iya turaren wuta ko humra ko lalle, matan Zango suna son na Nijeriya ƙwarai, zai kawo su ɗakinki da ƙafarsu. Sai dai kafin ki yi tunanin shago ko tebur a kasuwa ki tambayi masu sani, domin dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan cinikin kasuwa, kuma a kan haka aka rufe shagunan 'yan Nijeriya a unguwar Suwame ta nan Kumasi a 2019.

Tambayarki ta ƙarshe: ki koma gida ki jira shi? Shawarata a'a. Auren da bai cika shekara biyu ba, a raba shi shekara uku da iyakokin ƙasa a tsakani, na ga irinsa da yawa kuma kaɗan ne suka dawo yadda suka tafi. Goyon ciki kuwa hakkinki ne na al'ada, haihuwar fari a gaban uwa ake so, ba wanda zai ga laifinki. Amma hanyar mota ta Aflawo da Lome da Kwatano da Seme iyaka uku ce kafin Legas, sannan a ɗauki hanyar Arewa, kwanaki ne a zaune. Ki tambayi ungozoma ko jikinki zai ɗauka da kuma watan da ya dace, in da hali a yi jirgi daga Akra. In ba ta yarda ba, a kawo Inna ko wata gwaggonki ta zo ta yi miki wankan jego a nan. Ruwan zafi da kunun kanwa duk ana yi a Zango, tsofaffinmu ba su bar ko ɗaya ba.

Ko wanne aka zaɓa, kina da wata biyu ko uku a gabanki kafin a yanke. Gobe ki ɗaura igiya a tsakar gida, in ba ki da ita ki ara a wurin maƙwabciyar taki, ki fito da kayan lefen nan ki shanya. Matan za su zo kallo, ki bar su su taɓa, su tambayi kuɗin leshi. In akwai turmin atamfa da ya tsira, ki tambaye su telan da ya iya ɗinkin masu ciki a Aboabo. Bayan sati uku ki sake rubuto mini, ina son in ji abin da ungozoma ta ce da kuma abin da kuka gani a fasfo.

Gwaggonki